Zangon Jidda: Darasi Kan Ofishin da Ke Jiran Birnin Ƙudus

 Darasinmu na wannan fitowa zai fara ne daga bakin wata ƙofa a birnin Jidda, wadda da yawa cikin iyayenmu alhazai sun sani, domin a kasuwar da ke kewaye da ita suka sayo mana dabino da tazbaha da darduma.

Bab Makka, wato Ƙofar Makka, ita ce ƙofar gabas ta tsohon birnin Jidda. Ta nan ayarin raƙuma ke fita da mahajjata su nufi Makka, tafiyar kilomita kamar 70. Kakanninmu da suka taka sayyada daga ƙasar Hausa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya, ta wannan ƙofa suka bi. Wasu sun sauke farali sun koma gida. Wasu kuwa sun ce bari su ɗan zauna su tara guzuri tukuna, ga jikokinsu can har yau, ana ce musu Takari. Mu 'yan zango ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan, domin ita kanta kalmar zango ma'anarta wurin da fatake ke sauke kaya su kwana kafin su ci gaba. An sauke kaya a Kumasi da Salaga da Ankara da niyyar kwana kaɗan, sai aka wayi gari an haifi 'ya'ya, an gina masallatai, an naɗa sarakuna.

To, a wannan birni na Jidda akwai wani babban ofishi da shi ma zango ya yi. Shi ne sakatariyar Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda kuke ji a rediyo ana ce mata OIC. Tsarin mulkin ƙungiyar, wanda aka amince da shi a Jidda a 1972, ya ce mazauninta zai kasance Jidda ne na wucin gadi, har ranar da aka 'yanto Birnin Ƙudus, sannan a koma can dindindin. Da aka sabunta tsarin mulkin a Dakar a 2008 ba a cire wannan magana ba. Shekaru fiye da 50 ke nan ana jira.

Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi shi ne, duk lokacin da wuta ta tashi a Gaza ko Labanon sai wayoyinmu su cika da saƙonni: an kira taron gaggawa a Jidda, an yi Allah wadai, an zartar da ƙuduri. Wani ɗan'uwa ya ɗauka magana ta ƙare, wani kuma ya ce duk shan shayi ne kawai. Dukansu biyu ba su karanta takardar ba. Ɗalibi kuwa ana so ya iya riƙe takardar diflomasiyya ya tambaya: me ta nema a yi, wa ta ɗora wa, kuma wa zai yi asara idan aka yi biris da ita?

ALKAWARIN CIKIN JIRGIN RUWA

A watan Fabrairu na 1945 Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya shiga wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka daga tashar Jidda, da fadawansa da tumakin da za a yanka a hanya. Ranar 14 ga watan ya gana da Shugaba Roosevelt a wani tafki da ke tsakiyar mashigin Suwez. Roosevelt ya kawo maganar Yahudawan Turai da suka tsira daga kisan ƙare-dangi na Hitila. Amsar Sarki ita ce, wanda ya yi ɓarna shi ya kamata ya biya, a ba su ƙasa daga ta Jamusawa, Larabawan Falasɗinu ba su yi musu laifin kome ba. Ranar 5 ga Afrilu Roosevelt ya rubuta masa wasiƙa cewa ba zai ɗauki matakin da zai cuci Larabawa ba, kuma ba za a yanke hukunci ba sai an tuntuɓi ɓangarorin biyu. Bayan mako guda Roosevelt ya mutu, alkawarin ya bi shi kabari.

A 1947 aka rushe ganuwar Jidda don birnin ya faɗaɗa, kuma a ƙarshen shekarar, ranar 29 ga Nuwamba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba Falasɗinu gida biyu. Ƙasashe 33 suka amince, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Gana da Nijeriya da Nijar duk suna hannun Turawa a lokacin, ba wanda ya tambaye mu. Wanda ya jagoranci wakilan Saudiyya a zauren shi ne Yarima Faisal, ku riƙe sunan nan. Yaƙin 1948 ya biyo baya, aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu.

HARAFI GUDA

A yaƙin kwana shida na Yunin 1967 Isra'ila ta kama Sinai da Zirin Gaza daga Masar, ta kama Yammacin Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus daga Jordan, ta kama Tuddan Golan daga Siriya. Ranar 22 ga Nuwamba Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 242, wanda har gobe shi ne ginshiƙin kowace tattaunawa. Nijeriya da Mali suna cikin kwamitin a wannan shekara, har ma sun haɗu da Indiya sun gabatar da nasu daftarin, amma na jakadan Ingila, Lord Caradon, aka ɗauka.

A nan nake so ku buɗe ido sosai, domin harshenmu na Hausa zai iya nuna muku rigimar fiye da dogon sharhi. Ku dubi jimlolin nan biyu. Ta farko: a janye daga yankuna da aka mamaye. Ta biyu: a janye daga yankunan da aka mamaye. Bambancinsu harafin "n" ne tak. Wanda ya ci bashinka ya ce zai mayar maka da awaki, in ya kawo biyu cikin goma ya cika maganarsa. In kuwa ya ce zai mayar da awakin, sai ya kawo goman. Rubutun Turanci na ƙudurin ya zo da siga irin ta farko, na Faransanci kuwa ana iya karanta shi da siga ta biyu. Isra'ila ta riƙe na Turanci, ta ce wasu yankuna ake nufi, kuma sai bayan an yi sulhu. Larabawa suka ce dukkansu ake nufi, suka kafa hujja da gabatarwar ƙudurin, wadda ta ce bai halatta a mallaki ƙasa da ƙarfin yaƙi ba. Kada ku ɗauka kuskuren mai buga tafireta ne. Da gangan aka bar maganar a buɗe, domin in an rufe ta wani ɓangare ba zai sa hannu ba.

Akwai wasu giɓi biyu. Ƙudurin bai ambaci Falasɗinawa da sunansu ba, ya kira su matsalar 'yan gudun hijira kawai. Kuma bai faɗi abin da zai sami wanda ya ƙi bi ba. Ya dai nemi a naɗa manzo, aka naɗa Gunnar Jarring ɗan ƙasar Suwidin, ya yi ta safa da marwa shekara da shekaru bai samo kome ba. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa shugabannin Larabawa sun riga sun taru a Khartum a farkon Satumbar 1967 sun ce ba sulhu, ba amincewa da Isra'ila, ba tattaunawa da ita, wanda hakan ya ba Isra'ila abin fakewa na tsawon lokaci.

GOBARAR DA TA HAIFI ƘUNGIYA

Ranar 21 ga Agustan 1969 aka cinna wa Masallacin Ƙudus wuta, mumbarin da Salahuddin ya kawo bayan ya karɓi birnin a 1187 ya ƙone. Na sha jin masu wa'azi suna cewa Bayahude ne ya sa wutar. Ba haka ba ne. Sunansa Denis Michael Rohan, Kirista ne ɗan Ostireliya, kotun Isra'ila ta ce yana da taɓin hankali. Abin da ƙasashen Musulmi suka ɗora wa Isra'ila shi ne alhakin tsaron wurin, tun da yana ƙarƙashin mamayarta. Duk mai son a saurari hujjarsa ya kiyayi ƙara mata gishiri.

Bayan wata guda, da kiran Sarki Faisal da Sarki Hassan na Biyu na Maroko, shugabannin ƙasashe sama da 20 suka taru a Rabat, cikinsu har da Nijar da Chadi da Mali da Senegal da Gini. A watan Maris na 1970 ministocin harkokin waje suka haɗu a Jidda suka kafa sakatariya, aka ba Tunku Abdul Rahman na Malesiya riƙonta. Ba a zaɓi Jidda da ka ba: ita ce ƙofar Makka, kuma a lokacin nan ofisoshin jakadancin ƙasashen waje suke, sai a shekarun 1980 aka kwashe su zuwa Riyad. Mutanen yankinmu sun zauna a kan kujerar babban sakatare: Amadou Karim Gaye na Senegal daga 1975 zuwa 1979, Hamid Algabid tsohon firayim ministan Nijar daga 1989 zuwa 1996, sai Hissein Brahim Taha na Chadi da ya karɓa a 2021. Nijeriya ta shiga a 1986 zamanin Babangida, shigar da ta tayar da ƙura mai yawa tsakanin Musulmi da Kirista. Gana ba ta cikin ƙasashe 57 na ƙungiyar, alhali maƙwabtanta uku, Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa, duk suna ciki.

SHEKARAR DA MAGANA TA YI NAUYI

Kafin a kai ga 1973, Afirka ta gwada tata sa'ar. A Nuwambar 1971 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta aika shugabanni huɗu, Senghor da Ahidjo da Gowon da Mobutu, suka je Isra'ila da Masar don a farfaɗo da aikin Jarring. An karɓe su da girma, sun dawo hannu rabbana. Ku tuna a wancan zamani Isra'ila tana da abokai da yawa a nahiyar nan. Gana ce kan gaba, har kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line da haɗin gwiwar wani kamfanin Isra'ila aka kafa shi a 1957.

A Nuwambar 1972 Sarki Faisal ya zagaya Yuganda da Chadi da Senegal da Muritaniya da Nijar. Kafin watan ya ƙare Chadi ta yanke hulɗa da Isra'ila, Nijar ta Diori Hamani ta bi sahu a farkon Janairun 1973. Akwai kuma matsin lambar Gaddafi, ga fari ya addabi ƙasashen Sahel suna neman mai taimako, don haka kada a ce tsantsar ƙaunar Ƙudus ce kaɗai.

Ranar 6 ga Oktoban 1973, wadda ta dace da 10 ga Ramadan, Masar da Siriya suka kai hari don ƙwato yankunansu. Ranar 17 ga wata ministocin man fetur na Larabawa suka yanke shawara a Kuwait cewa za su riƙa rage haƙo mai da kashi 5 cikin 100 kowane wata. Da Shugaba Nixon ya nemi majalisarsa ta ba Isra'ila taimakon dala biliyan 2.2, sai Faisal ya hana sayar wa Amurka mai gaba ɗaya. Gangar mai da ke wajen dala 3 ta kai kusan dala 12 cikin wata uku. Da sojojin Isra'ila suka tsallake mashigin Suwez suka taka ƙasar Afirka, sai ƙasashen nahiyar suka yi ta yanke hulɗa ɗaya bayan ɗaya, Nijeriya ta Gowon da Gana ta Acheampong duk a ƙarshen Oktoba. Kafin shekarar ta fita, ƙasashen baƙar fata huɗu kacal suka rage da jakadanci da Isra'ila: Malawi da Lesoto da Suwazilan da Morishiyos.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Ƙuduri mai lamba 338 ya fito ranar 22 ga Oktoba, yana cewa a aiwatar da 242 nan take. Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, ya koma kamar ɗan aike tsakanin Alƙahira da Dimashƙa da Isra'ila da Riyad. A Janairun 1974 aka raba sojojin Masar da na Isra'ila, a watan Mayu aka raba na Siriya, har garin Ƙunaiɗira ya koma hannunta. Kalmomin 242 ba su canja ba tun 1967. Abin da ya canja shi ne mai mota a Amurka ya fara kwana a layin gidan mai.

Amma ba kyauta aka samu wannan ba, kuma wani ɓangare na kuɗin mu muka biya. Nijeriya mai arzikin mai ta ci riba, Gana da Nijar da ba su haƙo shi a lokacin suka sha wuya da tsadarsa. Larabawa sun kafa wani banki a Khartum don taimakon Afirka, amma shugabanni da yawa sun yi ƙorafin cewa abin da aka samu bai kai abin da aka rasa ba. An ɗage takunkumin man a watan Maris na 1974 ba tare da Ƙudus ta dawo ba. Faisal, wanda ya sha bayyana burinsa na yin salla a Masallacin Ƙudus, ɗan ɗan'uwansa ya harbe shi a Riyad ranar 25 ga Maris 1975.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Sadat na Masar ya yi sulhu shi kaɗai a 1979, Sinai ta koma hannun Masar, amma babu abin da Falasɗinawa suka samu a hannu. Ƙungiyar da ke Jidda ta dakatar da Masar a wannan shekara, ta mayar da ita a 1984. Ƙasashen Afirka suka ce, in mai ƙasar ya shirya da abokin faɗansa, mu me ya rage mana? Nijeriya ta mayar da hulɗa a 1992, Gana a 1994. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne rundunar kiyaye zaman lafiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a kudancin Labanon a 1978, wadda kwamandanta na farko Janar Emmanuel Erskine ne na Gana. Akwai gidaje a zangunanmu da aka gina da albashin Labanon, ku tambayi kawunnanku tsofaffin soja su ba ku labari.

TAYI BA TARE DA SANDA BA

Saudiyya ta fito da tayin sulhu sau biyu. Na farko shi ne na Yarima Fahad a Agustan 1981, mai sharuɗɗa 8, wanda na bakwai cikinsu ya ce duk ƙasashen yankin su zauna lafiya, wato amincewa da Isra'ila a fakaice. Taron Fas na farko ya watse cikin sa'o'i saboda wannan sharaɗi, sai a 1982 aka karɓe shi bayan gyara. Na biyu shi ne na Yarima Abdullahi, wanda ƙasashen Larabawa suka amince da shi a Beirut ranar 28 ga Maris 2002: Isra'ila ta koma iyakokin 4 ga Yunin 1967, a warware maganar 'yan gudun hijira bisa adalci, a kafa ƙasar Falasɗinu mai hedkwata a Gabashin Ƙudus, su kuma Larabawa su ƙulla cikakkiyar hulɗa da ita. A ganina ba a taɓa ajiye tayi mafi girma a kan tebur ba. Sai dai ana gobe za a sanar da shi wani ɗan ƙunar baƙin wake na Hamas ya kashe mutum 30 a wani otal a Netanya, washegarin sanarwar kuma tankokin Isra'ila suka shiga Ramalla. Babu gwamnatin Isra'ila da ta karɓi tayin yadda yake, kuma ƙin karɓar bai jawo mata asarar kome ba. A 2020 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka ƙulla hulɗa da ita ba tare da an janye daga ko taƙi ɗaya ba. 'Yan kama-wuri-zauna da ke Yammacin Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus sun haura 700,000 a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Yanzu ku riƙe rana guda, 18 ga Oktoban 2023. Kwana 11 kafin nan Hamas ta kai harin da ya kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila, ta yi garkuwa da wajen 250, Isra'ila kuma ta fara luguden wutar da ya kashe Falasɗinawa fiye da 60,000 zuwa ƙarshen Yulin 2025, bisa lissafin ma'aikatar lafiya ta Gaza. A wannan rana ministocin ƙasashen Musulmi suka yi taron gaggawa a Jidda. Ministan Iran ya nemi a hana Isra'ila mai, ba a ɗauki shawarar ba, aka fitar da sanarwar Allah wadai. A ranar dai, a birnin New York, Kwamitin Sulhu ya kaɗa ƙuri'a kan daftarin Burazil na a dakatar da wuta don shigar da agaji. Ƙasashe 12 suka amince, Gana na cikinsu domin tana kwamitin a lokacin, Ingila da Rasha suka ƙaurace, Amurka ta hau kujerar na-ƙi, daftarin ya mutu. Hannu guda ya rinjayi 12, kuma Amurka ta yi irin wannan fiye da sau 40 a kan batun Isra'ila.

Me ya hana a maimaita 1973? Duniyar mai ta canja. Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowa haƙo shi, manyan masu sayen man Larabawa sun koma Asiya, ƙasashen Larabawan kansu kuma tsaronsu da dukiyarsu sun ɗaure da Amurka.

Duk da haka kada wani ya tashi daga darasin nan yana cewa takarda banza ce. Taron Riyad na 11 ga Nuwambar 2023 ya kafa kwamitin ministoci, da Nijeriya a ciki, suka zagaya manyan biranen duniya. Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara Kotun Duniya a ƙarshen Disambar shekarar. Ranar 19 ga Yulin 2024 kotun ta ba da ra'ayinta na shari'a cewa ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan Falasɗinu da ta mamaye haramun ne, kuma a wannan karo yankunan ta ce, da "n" ɗinsu. A 2025 Saudiyya da Faransa suka jagoranci wani taro a New York, a watan Satumba kuma Ingila da Kanada da Ostireliya da Faransa suka amince da ƙasar Falasɗinu. Ingila fa, wadda ta riƙe Falasɗinu har zuwa 1948. Duk waɗannan a kan tsofaffin ƙudurorin nan aka gina su, domin mai ƙara ba ya shiga kotu sai da takardar shaida. An sami tsagaita wuta a Gaza a Oktoban 2025, ita ma sai da Amurka ta sa nauyinta, tare da Masar da Ƙatar da Turkiyya.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: a bakin ɗaya daga ƙofofin harabar Masallacin Ƙudus, wadda ake kira Bab al-Majlis, akwai 'yar unguwar baƙar fata, zuriyar alhazan da suka fito daga Nijeriya da Chadi da Senegal da Sudan, da Hausawa a cikinsu. Sun gama Hajji ne suka ce bari su ziyarci alƙibla ta farko kafin su koma gida, su ma suka yi zango. Ofishin da ke Jidda, in ya tashi ƙaura, kusa da su zai sauka.

Aikin gida kafin zama na gaba: kowa ya zana taswirar yankin a littafinsa, ya nuna Sinai da Gaza da Golan da Yammacin Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus, ya rubuta kusa da kowanne shekarar da aka kama shi, da shekarar da aka mayar in an mayar. Za ku yi gardama a kan Gaza, domin Isra'ila ta kwashe sojojinta da mutanenta daga ciki a 2005 amma ta riƙe sama da teku da mafi yawan mashigai. Kowa ya zo da hujjarsa a rubuce.